Silver, kukun jirgi, da dukiyar da kowa ya ce tasa ce

Lokacin da jirgin ruwan Hispaniola ya hango tsibirin da ya fito nema, mutum 26 ne a cikinsa. Da ya koma tashar Bristol, biyar kacal suka rage daga cikin waɗanda suka tashi da shi. Mutum 17 sun mutu, an yasar da uku a tsibirin, ɗaya kuma ya sulale cikin dare da jakar kuɗi. Duk wannan a kan dukiyar da wani ɗan fashin teku, Kyaftin Flint, ya binne, wadda mutanensa suka ƙiyasta fam 700,000. Littafin shi ne Treasure Island na Robert Louis Stevenson, kuma tun fitowarsa ake miƙa wa yara shi a matsayin labarin mutanen kirki da suka yi galaba a kan miyagu. Wanda ya sake karanta shi bayan ya girma zai ga rabon bai zo da sauƙi haka ba. Ɓangarorin biyu abu guda suka fito nema, kuma babu wanda ya yi gumin ko kwabo a cikinsa.

Stevenson ɗan birnin Edinburgh ne a Sikotilan. An haife shi a 1850 cikin zuri'ar injiniyoyi masu gina hasumiyoyin fitila a bakin teku don jagorar jirage. A 1881, a ƙauyen Braemar, ruwan sama ya tsare iyalinsa a gida, sai aka zana taswirar wani tsibiri don ɗebe wa agolansa Lloyd Osbourne kewa. Daga taswirar labari ya tsiro. Ya riƙa rubuta babi ɗaya kullum har ya kai 15, sannan tunani ya ƙafe masa, sai da ya je Davos a Suwizalan neman lafiyar huhunsa ya ƙarasa. Mujallar yara ta Young Folks ta buga shi kashi-kashi daga Oktoban 1881 zuwa Janairun 1882 da sunan aro, ya fito a littafi a 1883 a kamfanin Cassell. Sunan da marubucin ya fara raɗa masa ma'anarsa Kukun Jirgi. Mai mujallar ne ya ga tsibiri da dukiya za su fi jan yara. Stevenson dai tun farko ya san a kan wa yake rubutu.

Labarin ya fara ne a tudu, a wani masaukin baƙi da ke gaɓar yammacin Ingila, inda Jim Hawkins, yaron da ke ba da labarin, yake taya iyayensa aiki. Wani tsohon ɗan teku, Billy Bones, ya sauka da akwatinsa ya share wata da watanni yana shan barasa ba ya biya, yana daka wa kowa tsawa, yana ba Jim 'yan kuɗi duk farkon wata don ya riƙa duba masa ko zai ga wani mutum mai ƙafa ɗaya. Mahaifin Jim mai sanyin hali ne, ya kasa tambayar kuɗinsa har ciwo ya kwantar da shi ya rasu. Washegarin jana'iza wani makaho mai suna Pew ya zo ya danƙa wa Bones 'yar takarda mai baƙin tabo, wato sammacin 'yan fashi, Bones ya yanke jiki ya faɗi matacce.

A daren aka yi wani abu da mai karatu kan wuce da sauri saboda ɗokin zuwa teku. Mahaifiyar Jim ta buɗe akwatin mamacin don ta ɗebi abin da take bin sa. 'Yan fashi na tafe, mazan ƙauye sun ƙi raka ta saboda tsoro, amma matar nan ta durƙusa gaban kyandir tana ƙirge, ta ce ba za ta ɗauki ko anini fiye da haƙƙinta ba, ba kuma za ta bar nata ba. Kuɗin na ƙasashe daban-daban ne, ita kuwa na Ingila kaɗai ta iya lissafi da su, sai ƙirgar ta yi ta jan lokaci har suka ji an yi fito daga kan tudu. Stevenson ya rubuta wurin da 'yar zolaya, kamar taurin kai ne kawai ya kusa jawo musu halaka. To amma a babi 34 na littafin ita kaɗai ce ta tsaya ta tambayi nawa ne nata. Da suka tashi gudu Jim ya suri wani ƙunshi daga akwatin, wai cikon bashi. Taswirar Flint ce a ciki. Bayan wannan sai sallama kawai aka ƙara ganin matar, domin Lloyd ya gindaya sharaɗin kada a sa mata a labarin.

Jim ya kai ƙunshin wurin manyan yankin guda biyu: Dokta Livesey, likita kuma alƙalin majistare, da Trelawney, attajiri mai filaye da barori. Tare da taswirar akwai littafin lissafin Bones na kusan shekara 20, cike da kwanan wata da adadin kuɗi da alamun gicciye. Trelawney ne ya warware musu: gicciyen nan jirage ne da aka nutsar da garuruwan da aka wawashe. Ya ɗan jajanta wa waɗanda suka mutu, a zama ɗaya kuma ya shiga lissafin jirgin da zai saya da irin dukiyar da za su yi birgima a kai. Har ya ce ya sha jin alfahari cewa Flint Bature ne ɗan Ingila, saboda yadda mutanen Sifaniya ke tsoronsa. Livesey kuwa, mutumin da ya taɓa tsare Bones da ido a bainar jama'a ya ce in bai mai da wuƙarsa ba zai sa a rataye shi, bai kawo zancen hukuma ko masu kayan ba. Abu ɗaya ya dame shi, shi ne bakin Trelawney.

Ya kuwa yi gaskiya, baki shi ke yanka wuya. Kafin jirgi ya tashi duk Bristol ta san abin da za a je nema. A bakin tashar ne Trelawney ya gamu da wani mai gidan giya, Long John Silver, wanda aka yanke wa ƙafar hagu tun daga ƙugu, ya ce a yaƙin ƙasa ya rasa ta, yana neman aikin kuku don iskar teku ta gyara masa jiki. Ba abin mamaki ba ne a zamanin, domin rundunar ruwan Ingila ta saba ba naƙasassun sojojinta aikin girki a jirage. Tausayi ya kama Trelawney ya ɗauke shi. Cikin 'yan kwanaki Silver ya tara masa ma'aikata, har ya sa ya sallami biyu daga waɗanda ya riga ya ɗauka. Mutanen Flint ne ya cika jirgin da su. Wanda ya ji warin abin shi ne Kyaftin Smollett, ya ce tafiyar ba ta yi masa ba, ma'aikatan ba su yi masa ba, mataimakinsa bai yi masa ba, ya kuma nemi a kwashe albarushi da makamai a kai kusa da ɗakin manya. Jim ya tsane shi tun ranar farko. Duk abin da Smollett ya faɗa ya tabbata, amma har littafin ya ƙare babu inda mai karatu ya ji yana marmarin zama da shi.

Da Silver ake marmarin zama. Stevenson ya faɗa da bakinsa cewa abokinsa mawaƙi W. E. Henley, wanda aka yanke wa ƙafa saboda tarin fuka na ƙashi, shi ya kalla ya gina mutumin: ya cire masa kyawawan ɗabi'u masu zurfi, ya bar ƙarfi da jarumta da hanzari da sakin fuska. Abin da ya fito mutum ne mai tsabta, ɗakin girkinsa fes, akunsa a keji yana zuba, kowa ya shigo ya sami kalma mai daɗi. Jim an riga an gargaɗe shi da mai ƙafa ɗaya, har yana mafarkinsa, amma kallo ɗaya ya yi wa Silver ya ce wannan ba shi ba ne, domin ya ga Bones da Pew, a ganinsa ya san kamar ɗan fashi. Littafin kansa ne ya koya wa yaron, da mu masu karatu, cewa mugu yakan zo da tabo a fuska ko guntulallun yatsu ko makanta, sannan ya kawo wanda naƙasarsa ta fi ta kowa fitowa fili ya sa muka yarda da shi.

Babi na 11 shi ne ƙashin bayan littafin. Jim ya shiga gangar tuffa da ke saman jirgi don ya ɗauki ɗaya, barci ya fara fizgarsa, sai Silver ya zo ya jingina da gangar yana jan ra'ayin wani matashi mai suna Dick. Abin da ya fara sosa ran Jim shi ne ya ji ana yi wa Dick irin kirarin da aka yi masa, kalma bayan kalma. Zancen da Silver ya yi a nan ya fi kama da na ɗan kasuwa. Ya ce ya tara fam 900 a tafiyarsa da wani ɗan fashi, Kyaftin England, 2,000 kuma a wurin Flint, ya rarraba su a bankuna, kaɗan nan kaɗan can, don kada a zarge shi. Ya sayar da gidan giyarsa, matarsa ta kwashe kuɗin ta tafi inda za su haɗu. Shekararsa 50, in ya dawo zai zama babban mutum, har yana hango kansa a majalisa cikin keken doki. Ya kawo misalin Pew, wanda ya cinye fam 1,200 a shekara guda kamar wani basarake, ya koma bara da yunwa. Da Israel Hands, ɗaya daga mutanen Flint, ya matsa a far wa manya tun yanzu, Silver ya ce a'a. Su sun iya riƙe akalar jirgi, amma wa ya iya tsara hanya in ba Smollett ba? A bari manya su haƙo dukiyar, su loda ta, kyaftin ya kai su rabin hanya, sannan a kashe su duka, kada wani ya dawo ya ba da shaida.

A nan, a ganina, layin da ya raba mutanen littafin yake. Halal da haram ba su raba su ba, tunda kuɗin jini kowa ke bi. Haƙuri ne ya raba su: akwai masu iya jira da lissafin gobe, akwai waɗanda in sun ga barasa yau sun manta da gobe. Silver yana ɓangaren 'yan fashi amma halinsa na manya ne. Yana ajiya kamar su, yana auna magana kamar Livesey, yana ganin darajar ilimin Smollett fiye da yadda Trelawney ke gani. Abin da ya rasa shi ne amana. Kuma Stevenson bai bari fara'ar ta rufe mana ido ba. Suna sauka tsibirin, Jim na laɓe a ciyawa, ya ga Silver yana lallashin wani ma'aikaci mai gaskiya, Tom, ya shigo tawaye. Tom ya ƙi, ya juya baya zai tafi. Silver ya kama reshe, ya wurga sandar dogarawarsa ta sami Tom a tsakiyar baya, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya hau kansa ya soke shi sau biyu. Da Jim ya farfaɗo daga suma ya gan shi yana goge wuƙa da ciyawa, hankalinsa kwance. Mutumin da zai ceci Jim daga baya ke nan.

Sauran 'yan fashin ba sai an yaƙe su sosai ba, su ke cin kansu. Sun yada zango a fadama, zazzaɓi ya kama su, har Livesey ya koma yana zuwa duba su da magani. Likitan iskar fadamar yake zargi, don sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ke yaɗa cutar, shekaru bayan fitowar littafin. Sukan dafa ninki uku na abin da za su iya ci, su watsa saura a wuta suna dariya, alhali jirgi ya ɓace musu. Biyun da aka bari gadin jirgi sun bugu har ɗaya ya kashe ɗaya. Sun kashe mutane ba adadi, amma da suka yanko takardar sammacin tsige Silver daga shafin Littafi Mai Tsarki na Dick, Silver ya juya musu abin ya ce sun jawo wa kansu tsiya, jikinsu ya mutu. Da muryar da suka ɗauka ta fatalwar Flint ce ta tashi daga cikin itatuwa, shi ne ya tsaya yana kawo hujja: fatalwa ba ta da inuwa, to yaya muryarta za ta yi amsa-kuwwa?

Sai dai a nan marubucin ya ɗan karkata ma'auni. 'Yan fashin teku na gaske, waɗanda suka addabi Atilantika bayan yaƙin gadon sarautar Sifaniya ya ƙare a 1713 dubban 'yan teku suka rasa aiki, suna da tsari. Dokokin jirgin Bartholomew Roberts, kamar yadda wani littafin tarihin 'yan fashi na 1724 ya kawo su, sun ba kowane mutum ƙuri'a, sun ba kyaftin da mai rabon ganima kaso bibbiyu kawai, sun hana caca da kuɗi, sun ce a kashe fitilu ƙarfe takwas, sun ware dala 800 ga wanda ya rasa gaɓa a bakin aiki. Ɗan teku a jirgin 'yan kasuwa kuwa bulala da ruɓaɓɓen abinci da ƙaramin albashi ya sani, shi ya sa da yawa suka tsallaka da son ransu. Stevenson ya san wannan. Silver mai rabon ganima ne a jirgin Flint, muƙamin da ake zaɓa, kuma mutanensa suna fita su yi shawara bisa ƙa'ida kafin su tsige shi. Amma duk inda suka yi ƙuri'a a littafin shirme ne ke fitowa, duk inda Smollett ya ba da umarni rai ne ke tsira. Ya kafa tutar Ingila a kan gidan gungumen da suka fake, ya ƙi sauke ta ko da aka ce ita 'yan fashi ke auna wa da igwa, ya zauna yana cika littafin aiki. Marubucin yana son mu ga wannan a matsayin abin da ya riƙe su, kuma ya yi nasara, amma ra'ayi ne na mutumin da ya tashi a gidan masu hali a zamanin Sarauniya Biktoriya.

Akwai jimla ɗaya a zancen gangar tuffa da ta taɓo yankinmu. Silver ya ce likitan da ya yanke masa ƙafa, mai ilimin jami'a, yana cikin mutanen Roberts da aka rataye a Corso Castle. Wurin shi ne gidan kurkukun bayi na Cape Coast a Ghana ta yau. Roberts kansa ma'aikacin jirgin bayi ne da 'yan fashi suka kama a Anomabo a 1719, ya zama shugabansu, jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kashe shi kusa da Cape Lopez a gaɓar Gabon a Fabrairun 1722. An yi wa mutanensa shari'a a Cape Coast, aka rataye 52, har da likitansu. Gommai daga cikin waɗanda aka kama baƙar fata ne, su sayar da su aka yi. An rataye 'yan fashin ne domin suna dagula cinikin bayi, wanda doka ta halatta. Bristol ɗin da Trelawney ya sayi jirgi a cikinta ita ce kan gaba a Ingila wajen wannan ciniki a shekarun 1730, kafin Liverpool ta sha gabanta. Littafin bai ce uffan a kan haka ba. Abin da ya ambata kawai shi ne matar Silver baƙar fata ce, kuma Trelawney ya mai da abin raha a wasiƙarsa. Ita ce kuwa mutum ɗaya tilo da Silver ya damƙa wa duk abin da ya mallaka, ba mu taɓa ganinta ba, ba mu ji sunanta ba.

Jim fa? An rasa masa uba tun a babi na 3, sai littafin ya jera masa maza yana zaɓa. Livesey yake girmamawa, Smollett yake tsoro, amma abin da ya yi a tsibirin halin Silver ne: ganin dama da kama ta ba tare da neman izini ba. Ya faɗa kwalekwalen 'yan tawaye ba wanda ya aike shi, a nan ya gamu da Ben Gunn, tsohon yaron Flint da aka yasar shekara uku, yana sanye da tsummokara, ba abin da yake mafarki sai cuku. Daga baya ya sulale daga gidan gungumen, ya bar Smollett da rauni da mutum biyu kacal masu lafiya, ya ɗauki ɗan kwalekwalen fata na Ben ya je ya yanke igiyar anga. Duka biyun laifi ne da soja zai sha hukunci a kai, duka biyun kuma su suka ceci manyan. Littafin yana wa'azin biyayya da bakin kyaftin, yana ba rashin biyayya lada da hannun marubuci. Smollett ya gane. A ƙarshe ya ce wa Jim yaron kirki ne, amma ba za su sake tafiya tare ba.

Karonsa da Israel Hands a cikin jirgin shi ne wurin da yarinta ta ƙare. Hands (sunan wani ɗan fashi ne na gaske da ya yi aiki da shahararren ɗan fashin teku Blackbeard) yana kwance da rauni, ya koya wa Jim yadda zai kai jirgin wani lungu, yana ɓoye da wuƙa. Mutumin ya ce shekara 30 yana yawon teku bai taɓa ganin alheri ya haifi alheri ba, wanda ya riga kai sara shi ne da nasara. Ya bi Jim har saman turken jirgi. Jim ya ɗura bindigoginsa biyu, ya fara yi masa ba'a yana jin kansa, sai wuƙa ta zo ta kafe masa fatar kafaɗa a jikin itace, bindigogin suka tashi. Jim ya nace cewa ba da niyyarsa ba ne, bai ma auna ba. Wannan nacewar ta babban mutum ce da ke ba da labarin abin da ya yi yana yaro, kuma bai gama sasantawa da shi ba.

Da ya koma cikin dare ya faɗa hannun 'yan fashi, domin manya sun bar musu gidan. Silver ya tare mutanensa ya hana su taɓa shi, sannan ya yi masa magana a fili: jirgi ya tafi, lamarin ya ɓaci, ni in cece ka daga wuƙa, kai ka cece ni daga igiya. Ciniki ne, amma akwai ƙauna a ciki, kuma wahalar raba biyun ita ce ta sa mutumin bai tsufa ba a hannun masu karatu. Da safe Livesey ya zo duba marasa lafiya, Silver ya karɓi alkawarin Jim cewa ba zai gudu ba, ya bar su su gana a bakin shinge. Likita, alƙali, wanda ya yi yaƙi a Fontenoy, ya raɗa wa yaron ya tsallako su ruga. Jim ya ce ya riga ya ba da kalmarsa, Silver ya amince da shi, zai koma. Wannan ne wurin da na fi so a littafin. Babba mai daraja ya ce a karya alkawari don an yi shi da ɗan fashi, yaro ya ƙi. Bayan sa'o'i kaɗan Silver ya ɗaura masa igiya a ƙugu yana jan sa zuwa wurin dukiya, Jim yana karanta fuskarsa, ya tabbata in aka sami zinariyar duk alkawuran jiya sun tashi.

Ba a samu ba. Sun bi ƙwarangwal ɗin da Flint ya shimfiɗa ya zama manuni, ɗaya daga mutum shida da ya kashe bayan sun taya shi binnewa, suka tarar da rami wayam, sai tsabar zinariya guda. Ben Gunn, wanda kowa ya raina, ya riga ya kwashe komai zuwa kogonsa tun watanni, shi ya sa Livesey ya miƙa wa Silver taswirar ba gardama. Kafin sauran su gama fahimta, Silver ya miƙa wa Jim bindiga ya koma gefensa. Binne dukiya, a tarihi, abu ne da ba a cika yi ba. Wanda aka tabbatar shi ne na ɗan fashin teku William Kidd a tsibirin Gardiner kusa da New York a 1699, shi ma hukuma ta haƙo ta kafin a rataye shi a 1701. Taswira mai alamar gicciye da aku a kafaɗa da ake jingina wa 'yan fashin teku a yau, wannan littafi ne ya fi kowa yaɗa su.

Rabon da aka yi a ƙarshe ya cancanci a duba shi da idon mahaifiyar Jim. Barorin Trelawney uku, Redruth da Joyce da Hunter, waɗanda ba su nemi zuwa ba, duk sun mutu. Tsoho Redruth na kwance yana cikawa maigidansa ya durƙusa yana neman gafara, shi kuwa yana tambaya ko ya dace bara ya yafe wa ubangidansa. Manyan uku duk sun koma gida. Jim ya kwana uku ko fiye yana ware tsabar kuɗin a kogo, na Ingila da Faransa da Sifaniya da Fotugal da na ƙasashen gabas, masu ɗauke da fuskokin sarakunan Turai na shekara ɗari. Da ya fara ganin tulin ya tuna jinin da aka zubar da jiragen da aka nutsar kafin a tara shi, tunanin bai wuce 'yan layuka ba, aka zauna cin abinci da nishaɗi. 'Yan fashi ukun da suka rage an bar musu albarushi da nama da magani, aka tafi. Sun durƙusa a bakin yashi suna roƙo, manya suka ce kai su gida rataya ce, ɗaukarsu kuma haɗari ne. Hukuncin da aka yi wa Ben Gunn ke nan, wanda a hannun 'yan fashi aka kira shi zalunci.

Silver bai jira alƙali ba. A wata tasha ta yankin Amurka da ke hannun Sifaniya, manya sun sauka shan iska, Ben Gunn ya kau da kai, kukun ya huda bango ya ɗauki jaka ɗaya mai gini (tsabar zinariyar Ingila) 300 ko 400 ya shiga kwalekwale. Jim ya ce kowa ya ji daɗin rabuwa da shi da araha. Livesey ya riga ya yi masa alkawarin sassauci, kuma shari'arsa a Ingila za ta sa a tambayi inda sauran buhunan suka fito. Gray, mataimakin kafintan jirgi da ya baro 'yan tawaye a daidai lokaci, ya yi ajiya ya yi karatu ya zama mai hannun jari a jirgi. Smollett ya yi ritaya. Ben Gunn ya sami fam 1,000, ya ƙarar da su cikin kwana 19, a na 20 ya dawo yana roƙo, aka ba shi gadin ƙofa, aikin da tun a tsibiri ya ce ba ya so. Jim ya lissafa abin da kowa ya yi da kasonsa, bai faɗi abin da ya yi da nasa ba.